JIRGIN U-9 DA SAFIYAR DA JINƘAI YA ZAMA TARKO

Tun zamanin da 'yan adam suka fara ratsa teku, akwai wata doka da matuƙan jiragen ruwa suke bi, tun kafin a rubuta ta a takarda. Dokar kuwa ita ce, in ka ga mutum yana nutsewa, sai ka tsaya ka tsamo shi. Ba a tambayar ƙasarsa, ba a tambayar addininsa. Ko a lokacin yaƙi ma, in jirgin abokan gāba ya nutse, waɗanda suka yi nasara sukan saukar da kwale-kwale su kwashe waɗanda suka ragu da rai.

Wannan tarihi na wani ƙaramin jirgin yaƙi ne na ƙasar Jamus, irin mai tafiya ƙarƙashin ruwa. Ba shi da suna sai lamba, wato U-9. Shekara 9 kaɗai ya yi daga ƙera shi zuwa farfasa shi. Amma a wata safiya ta shekarar 1914, cikin sa'a ɗaya da rabi, ya yi abin da ya sa manyan ƙasashe suka fara umartar mutanensu su wuce ɗan'uwa yana nutsewa, kada su tsaya. Yadda aka yi haka ta faru abin lura ne ga kowane mai bin Almasihu.

Yadda Aka Ƙera Shi

Harafin U da ke gaban lambar jirgin ya fito ne daga kalmar Jamusanci, Unterseeboot, ma'anarta jirgin ƙarƙashin teku. Sojan ruwan Jamus sun sami irinsa na farko a shekarar 1906. Shi U-9 an ƙera shi a ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnati da ke Danzig, birnin da yanzu ake kira Gdansk a ƙasar Polan. An saka shi a ruwa ran 22 ga Fabrairu 1910, ya kuma fara aiki ran 18 ga Afrilu na shekarar.

Tsawonsa mita 57, nauyinsa bai kai ton 500 ba. Mutum 29 ne suke aiki a cikinsa, hafsoshi 4 da sojoji 25. A bisa ruwa injunansa kananzir suke sha. In ya nutse kuwa, sai a kashe su a koma kan batir, gama injin wuta ba ya aiki inda babu iska. Batir ɗin ba ya daɗewa, saboda haka tilas jirgin ya riƙa fitowa sama domin a yi masa caji. Injunan kananzir ɗin nan suna da babban aibi: da rana suna fitar da farin hayaƙi wanda ake hange daga nesa, da dare kuma tartsatsin wuta. Jirgin da aka yi domin ɓuya, sai ga shi yana tona asirin kansa.

Makaminsa shi ne abin da ake kira tofido. Wata doguwar nakiya ce mai inji da farfela a bayanta. In an harba ta, da kanta take tafiya ƙarƙashin ruwa har ta daki cikin jirgi, ta fasa shi a inda ruwa zai shiga. U-9 yana da bututun harbi 4, biyu gaba biyu baya, yana kuma ɗaukar tofido 6. Sa'ad da yake ƙarƙashin ruwa, idonsa ɗaya ne tak, wato wani dogon bututu mai madubi da ake turawa sama, kyaftin ya leƙa ya ga abin da ke bisa teku.

Zama a cikinsa wahala ce. Wuri a matse, iska duk warin kananzir, gumin ƙarfe yana ɗiga a kan masu barci. Manyan sojan ruwa na lokacin, a Jamus da Ingila duka, ba su ɗauki irin jiragen nan da muhimmanci ba. Hankalinsu yana kan manyan jirage masu sulke da igwa. A ganinsu jirgi mai nutso bai wuce mai gadin bakin gaɓa ba. Amma ran 16 ga Yuli 1914, wajen horo, mutanen U-9 suka yi abin da ba a taɓa yi ba: suka sāke ɗura tofido a bututun harbi alhali suna ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ya san abin da wannan gwaninta za ta haifar bayan wata biyu.

Farkon Yaƙi

Kyaftin ɗin jirgin shi ne Otto Weddigen, haifaffen garin Herford, an haife shi a 1882. Mataimakinsa kuma Johannes Spiess. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a farkon watan Agusta 1914. Wannan shi ne yaƙin da ya iso har Afirka ta Yamma: a ƙarshen Agusta Jamusawan Togo suka miƙa wuya, aka kuma gwabza a Garwa da Mora cikin Kamaru, inda sojoji Hausawa da yawa suka yi yaƙi. Amma ƙarfin Ingila na ainihi a teku yake, don haka Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Ingila da Jamus, ya zama babban fage.

Fitar farko ba ta yi wa jiragen Jamus masu nutso kyau ba. Ran 6 ga Agusta guda 10 suka tashi daga tsibirin Heligoland neman rundunar Ingila. Injin U-9 ya lalace a hanya, ya komo gida bai yi kome ba. U-13 ya ɓace da mutanensa duka. U-15 kuwa wani jirgin Ingila mai suna Birmingham ya banke shi ya raba shi biyu. Masu raina irin jiragen nan suka ce ai daman sun faɗa. Ko da U-21 ya nutsar da jirgin Ingila mai suna Pathfinder ran 5 ga Satumba, ba a farga sosai ba.

Ran 20 ga Satumba aka aiki U-9 zuwa gaɓar Beljiyam, ya tare jiragen da ke kai sojojin Ingila. A hanya hadari mai ƙarfi ya same shi, raƙuman ruwa suka yi ta jifa da shi. Weddigen ya nutsar da jirgin, suka kwana a ƙarƙashin ruwa inda babu girgiza. Da asubar Talata, 22 ga Satumba, suka fito domin cajin batir. Iska ta kwanta. Suna kusa da gaɓar Holan.

Tsofaffin Jirage Uku

A wannan yanki ne Ingila ta sa waɗansu manyan jiragen yaƙi su riƙa sintiri. Uku daga cikinsu su ne Aboukir, da Hogue, da Cressy. Kowannensu nauyinsa ton 12,000, da mutum fiye da 700 a ciki. Girma kam akwai, amma sun tsufa, gama an ƙera su tun wajen shekarar 1900, ba su da sauri kuma. Yawancin mutanen da ke cikinsu tsofaffin sojan ruwa ne da suka riga suka koma aikin gida, aka sāke kiransu da yaƙi ya tashi. Magidanta ne masu mata da 'ya'ya, da yawansu daga yankin Chatham. Tare da su akwai yara 'yan makarantar sojan ruwa, masu shekara 15 da 16.

Waɗansu hafsoshi sun ga hatsarin tun da wuri. A cikin rundunar har ana yi wa jiragen nan laƙabi da abincin ƙugiya, irin wanda masunci yake maƙalawa domin kifi ya haɗiya. Maganar ta kai kunnen Winston Churchill, wanda shi ne ministan sojan ruwa a lokacin. Ran 18 ga Satumba ya rubuta cewa a janye su. Amma aka ga a bar su tukuna har yanayi ya gyaru.

Hadarin da ya wahalar da U-9 shi ne ya kori ƙananan jiragen rakiya masu sauri, suka koma tashar Harwich. Babban hafsan da ke shugabantar sintirin, Admiral Christian, shi ma ya koma da jirginsa domin ɗibar kwal, ya bar ragamar a hannun Kyaftin Drummond na Aboukir. Akwai umarni cewa jirage su riƙa tafiya suna karkacewa dama da hagu, don kada mai nutso ya iya saita su. Amma da yake ba a taɓa ganin mai nutso a wurin ba, an saba yin watsi da umarnin. Haka jiragen uku suka jeru a safiyar nan, suna tafiya a miƙe, a hankali, ba mai rakiya. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sa'a Ɗaya da Rabi

Spiess ne ya fara hango su. Aka kira Weddigen, nan da nan U-9 ya nutse, ya matso. Wajen ƙarfe 6:25 ya harba tofido ɗaya daga nisan kimanin mita 500. Ta sami Aboukir a gefen dama. Ruwa ya cika ɗakin inji, jirgin ya tsaya, ya fara karkata.

A nan ne aka yi kuskuren da ya jawo sauran. Ba wanda ya ga U-9. Kyaftin Drummond ya zaci nakiyar da aka dasa a ruwa ce suka taka, sai ya yi wa sauran jiragen biyu alama su matso su taimaka. Daga baya ya gane tofido ce, ya yi ƙoƙarin korarsu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da yake injin Aboukir ya mutu, kwale-kwale ɗaya kawai aka iya saukarwa. Cikin rabin sa'a jirgin ya kife, ɗaruruwan mutane suka zuba cikin ruwan sanyi.

Kyaftin Nicholson na Hogue da Kyaftin Johnson na Cressy suka yi abin da kowane matuƙi ya gāda. Suka matso, suka tsai da injuna, suka saukar da kwale-kwalensu, aka yi ta jefa katako da tebura da duk abin da zai iya yawo bisa ruwa. Shi kuwa Weddigen ya sa aka sāke ɗura bututun harbi, kamar yadda suka koya a watan Yuli. Jirgin da ke tsaye cik ba shi da wuyar saiti. Da ƙarfe 6:55 ya harba wa Hogue tofido biyu daga nisan da bai wuce mita 300 ba. Duka biyun suka same shi. Nauyin da ya ragu ya sa hancin U-9 ya ɗago sama, masu igwa na Hogue suka gan shi suka buɗe wuta, amma ba su same shi ba. A cikin U-9 sojoji suka riƙa gudu gaba da baya domin nauyin jikinsu ya daidaita jirgin. Kafin ƙarfe 7:15 Hogue ya nutse.

Saura Cressy. Yanzu kam kowa ya san akwai mai nutso a wurin. Kyaftin Johnson yana iya gudu, ya tsira da jirginsa da mutanensa. Amma teku cike take da mutanen jirage biyu suna kururuwa, kwale-kwalensa kuma suna can suna kwasarsu. Masu igwarsa suka yi ta harbin abin da suke zato shi ne jirgin abokan gāba, amma bai bar wurin ba. Batir ɗin U-9 ya kusa ƙarewa, duk da haka Weddigen ya juya, ya harba biyu na baya wajen ƙarfe 7:20, ɗaya ta samu. Ya sāke juyawa ya harba ta ƙarshe da ƙarfe 7:35. Cressy ya kife, ya nutse da ƙarfe 7:55, tare da Kyaftin Johnson, da kuma mutane da yawa da aka riga aka tsamo daga jiragen farko.

Mutum 1,459 suka mutu a safiyar nan, kusan adadin waɗanda suka hallaka a jirgin Titanic shekara biyu kafin haka. A cikin U-9 ko ƙwarzane ba wanda ya samu.

Waɗanda Suka Zo Ceto

Akwai waɗansu jiragen masunta biyu na Holan a kusa, amma suka ƙi matsowa don tsoron nakiya. Wajen ƙarfe 8:30 sai wani ƙaramin jirgin kaya na Holan mai suna Flora ya iso. Mutanensa ba su san ko mai nutson yana nan ba, kuma Holan ba ta cikin yaƙin, ba abin da ya haɗa su da waɗanda ke ruwa. Duk da haka suka shiga tsakiyar wurin, suka tsamo mutum 286. Wani jirgin Holan mai suna Titan ya kwashe 147. Jiragen masunta biyu na garin Lowestoft a Ingila, Coriander da J.G.C., su ma suka ɗebi iyakar ƙarfinsu. Jiragen rakiya na Harwich ba su iso ba sai wajen ƙarfe 11 saura kwata. Jimlar waɗanda aka ceta 837.

A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 15, Wykeham-Musgrave. A Aboukir yake. Da jirgin ya nutse ya yi iyo zuwa Hogue, yana cikin hawa aka harbe shi. Ya sāke iyo zuwa Cressy, nan ma aka harbe shi. Ya maƙale a wani katako har mutanen Titan suka tsamo shi. Ya rayu har shekarar 1989.

Mutanen Holan suka karɓi waɗanda aka kai gaɓarsu, suka ba su tufafi da abinci da magani, bayan 'yan kwanaki aka mai da su gida. Gawawwakin da ruwa ya yi ta kawowa bakin gaɓa kuma suka binne su a maƙabartunsu.

Murna a Jamus, Sabuwar Doka a Ingila

Da U-9 ya koma gida, Jamus duka ta ɗauki murna. Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, ya ba kowane mutum na jirgin lambar girma da ake kira Gicciyen Ƙarfe. Aka kuma yarda jirgin kansa ya ɗauki alamar gicciyen a jikin hasumiyarsa. Hoton Weddigen ya bazu a katin gaisuwa da jaridu, aka sa wa tituna sunansa. A Chatham kuwa, akwai layin da gida bayan gida aka shiga makoki rana ɗaya.

Hukumar Sojan Ruwa ta Ingila ta fitar da sanarwa bayan 'yan kwanaki. Abin da ta nuna shi ne, asarar Aboukir irin hatsarin da sintiri ya gāda ne, amma Hogue da Cressy sun hallaka ne don sun tsaya ceton rai, wato tausayin ɗan adam ne ya jawo asarar. Saboda haka aka kafa doka: daga yanzu in an harbi babban jirgi, sauran manyan jirage kada su tsaya. Su bar wurin, su kira ƙananan jirage su zo ceto. Masu bincike kuma suka ɗora wa hafsoshin da abin ya shafa laifin sakaci, har da ita Hukumar kanta wadda ta bar jiragen a wurin bayan an gargaɗe ta.

Ba a daɗe ba aka ga dokar tana aiki. Ran 1 ga Janairu 1915 wani mai nutso, U-24, ya harbi babban jirgin Ingila mai suna Formidable. Kyaftin ɗinsa, Loxley, da kansa ya yi alama cewa kada a matso kusa da shi, gama akwai mai nutso. Ya nutse tare da mutum fiye da 500.

Ƙarshen Weddigen

U-9 bai huta ba. Ran 15 ga Oktoba 1914, a gabas da Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, ya tarar da wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Hawke, wanda ya ɗan tsaya karɓar wasiƙu daga wani jirgi. Tofido ɗaya ta ishe shi. Ya nutse cikin 'yan mintoci, mutum 524 suka mutu, kimanin 70 suka tsira. Saboda wannan aka ba Weddigen lambar girma mafi daraja ta sojan Jamus a lokacin, wadda ake kira Pour le Mérite.

A farkon 1915 aka ba shi sabon jirgi, U-29. A watan Maris ya nutsar da waɗansu jiragen kaya kusa da kudu maso yammacin Ingila. Yakan tsai da jirgi, ya ba mutanen lokaci su shiga kwale-kwale tukuna, har ya ja su zuwa kusa da gaɓa. Jaridun Ingila suka yi masa laƙabi da ɗan fashin teku mai ladabi. Wannan ya nuna shi ba mutum ne marar zuciya ba. Soja ne mai bin ka'idar aikinsa kamar yadda aka koya masa, ka'idar kuwa ta ce jirgin yaƙi abin harbi ne ko yana gudu ko yana tsaye.

Ran 18 ga Maris 1915, a arewacin Tekun Arewa, ya kai wa babbar rundunar Ingila hari, bai samu ba. Mutanen wani ƙaton jirgi mai suna Dreadnought suka hango madubinsa, jirgin ya juyo ya banke U-29. Hancinsa ya ɗago har aka karanta lambarsa, sa'an nan ya nutse. Ba wanda ya fita. Weddigen yana da shekara 32, wata 6 ke nan bayan safiyar da ta ɗaukaka shi.

Sauran Kwanakin U-9

Tun ran 12 ga Janairu 1915 Johannes Spiess ne ya zama kyaftin na U-9. Yaƙin teku kuma ya sāke kama. A watan Fabrairu Jamus ta yi shelar cewa duk ruwan da ke kewaye da Ingila fagen yaƙi ne, har ga jiragen kasuwa, domin ita ma Ingila ta toshe hanyar kai abinci da kaya Jamus. Hanyar Afirka ta Yamma ma ba ta tsira ba. Ran 28 ga Maris wani mai nutso, U-28, ya nutsar da Falaba, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Liverpool zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu.

Aikin da ya faɗo wa U-9 a wannan lokaci ba na ɗaukaka ba ne. A farkon watan Mayu 1915 ya nutsar da jiragen masunta 10 na Ingila a Tekun Arewa, da jiragen kaya biyu. Irin masuntan nan ne 'yan'uwansu suka tsamo mutane ran 22 ga Satumba. Daga baya aka tura shi Tekun Baltik ya yaƙi Rasha, inda ya ƙara nutsar da jirage kaɗan. A watan Afrilu 1916 aka ga ya tsufa, gama sababbin jirage masu injin dizal sun fi shi ta kowace hanya. Aka mai da shi jirgin koyar da ɗalibai har yaƙi ya ƙare.

Jamus ta sha kaye a watan Nuwamba 1918, sharuɗɗan tsagaita wuta kuma suka tilasta mata ta ba da jiragenta masu nutso. Ran 26 ga Nuwamba aka miƙa U-9 ga Ingila. A 1919 aka farfasa shi a garin Morecambe, aka sayar da ƙarafan.

Abin da Ya Bari a Baya

Jirgin ya tafi, amma hanyar da ya buɗe ba ta rufu ba. A 1935, a zamanin Hitila, Jamus ta sāke kafa rundunar jirage masu nutso. Ƙungiyar farko aka sa mata sunan Weddigen, a ƙarƙashin Karl Dönitz, aka kuma yi sabon U-9 da alamar Gicciyen Ƙarfe a jikinsa. A watan Satumba 1942, a tekun da ke kudu da gaɓar Afirka ta Yamma, U-156 ya nutsar da jirgin Laconia. Kyaftin ɗinsa, Hartenstein, ya tsaya yana tsamo mutane, ya yi shela ta rediyo a zo a taimaka, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Sai wani jirgin saman Amurka ya zo ya jefa masa bom. Bayan wannan Dönitz ya ba da umarni kada wani mai nutso ya ƙara ceton kowa. Dokar da ta fara da cewa kada ka tsaya wa naka, ta kai ga cewa kada ka tsaya wa kowa.

Mai karatu da ya san Littafi Mai Tsarki ba zai rasa tunawa da misalin Basamariye mai kirki ba, a Luka sura 10. Sau da yawa akan zargi firist da Balawe da taurin zuciya. Amma hanyar Yariko hanyar 'yan fashi ce, mai tsayawa kuwa yana iya zama na biyu da za a buge. Basamariyen ya san haka, ya tsaya. Tarihin U-9 ya nuna tsoron nan ba na banza ba ne. Hogue da Cressy sun tsaya, aka kuwa buge su. In lissafi za a bi, Hukumar Ingila tana da gaskiya, gama da jiragen biyu sun gudu, da ɗaruruwan magidanta sun koma wurin iyalinsu. Bai kamata a yi saurin hukunta wanda aka danƙa wa rayukan mutum 700 in ya ƙi jefa su cikin hatsari ba.

Amma a nan ne muguntar yaƙi take. Bayan kisan da yake yi, yakan kai mutane inda alheri zai zama kuskure, wucewa kuma ta zama hikima. Weddigen mai ladabi ne, kyaftin-kyaftin na Ingila jarumawa ne. Ƙasashen biyu kuma cike suke da majami'u, kowane gefe yana roƙon Allah ɗaya ya ba shi nasara. Duk da haka an wayi gari ana buga ƙararrawar murna a wani gari saboda abin da ya sa ake kuka a wani, aka kuma manna alamar gicciye a jikin jirgin da ya harbi masu ceto. Gicciyen Almasihu kuwa shaidar Wanda ya tsaya ne domin masu hallaka, yana sane da abin da tsayawar za ta jawo masa.

Saboda haka aikin Ikilisiya yana farawa tun kafin a harba tofido ta farko. In rikici ya riga ya kama, ko tsakanin ƙasashe ne ko tsakanin unguwa da unguwa, maƙwabci yakan ji tsoron buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa, tsoron kuwa yana da dalili. Masu sulhu su ne suke tare hanya kafin a kai can. In kuwa an riga an kai, to, akwai misalin mutanen Flora da Titan da masuntan Lowestoft. Ba su da igwa ko sulke, ba a sa wa tituna sunansu kamar Weddigen ba. Sun ji tsoro kamar kowa, amma suka shiga. Sunayen matattun safiyar nan suna rubuce a dutsen tunawa na sojan ruwa a Chatham, inda aka yi musu sujadar cika shekara 100 a 2014. A cikin waɗanda suka taru a ranar akwai jikokin mutanen da aka tsamo daga ruwa, waɗanda da ba a haife su ba in da kowa ya wuce.